Yatsa ba ya gane baƙin mai

'Yan uwa ɗalibai, a cikinmu akwai waɗanda da kabu-kabu suke biyan kuɗin rajista. Akwai wanda ranar Talata ba ka ganinsa a aji sai kasuwa ta watse, akwai kuma wanda da an ba da hutu yana fadamar Bakura ko Maradun yana fama da injin ban ruwa. Su duka, har da mai janareton caji, akwai abin da dole su saya duk bayan 'yan makonni, wato baƙin mai. Kuma kusan dukkansu hanya ɗaya suke gwada shi: a ɗiga a yatsa, a murza, a ware yatsun a ga ko zai ja zare. In ya ja, sai ka ji an ce, "Wanga na da kauri, zuba." Matsalar ita ce kaurin da yatsa ke ji a inuwar rumfa ba shi ne kaurin da inji zai gani ba, kuma rabin abin da ka biya kuɗi dominsa yatsa ba ya jin sa sam.

Mu fara da abin da kowa ya sani. Man gyaɗa a kwalba yana da ɗan nauyi, amma dubi yadda yake gudu kamar ruwa a kaskon mai ƙosai. Manja kuwa da hunturu sai an kai shi rana kafin ya zubo. Kowane mai haka yake, zafi na rage masa kauri. Baƙin mai ma bai tsira ba. Ana auna kauri da ma'aunin da ake kira santistok, ruwan sha yana wajen 1. Man da aka rubuta wa 20W-50 yakan kai wajen 160 a zafin digiri 40, wanda shi ne kusan zafin iskar Mafara a watan Afrilu. Kai shi digiri 100, sai ya faɗo wajen 18. Ka ga ke nan ya zubar da kusan kashi tara cikin goma na kaurinsa, kuma wannan mai kyau ne. Da wancan 18 ɗin injinka yake rayuwa, ba da 160 ɗin da ya burge yatsanka ba.

Aikin man shi ne ya shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe ya hana su haɗuwa. Shimfiɗar da yake yi tsakanin fistin da silinda ba ta kai kaurin silin gashi ba, ko kusa. In ya yi ruwa da yawa shimfiɗar ta yage, ƙarfe ya ci ƙarfe. In ya yi kauri da yawa ba ya isa lungunan da ake buƙatarsa da wuri, ba ya kwashe zafi sosai, kuma injin yana ɓata fetur wajen tura shi. Don haka maganar ba ta "mai kauri ya fi" ba ce. Maganar ita ce wane mai ne zai tsaya a kaurin da aka ƙera injin da shi, tun daga tayarwar asuba har zuwa rana tsaka da lodi, kuma daga ranar juye har zuwa juye na gaba.

Lambobin jikin galan

Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, SAE, ita ta tsara lambobin nan. Lambar baya, wato 30 ko 40 ko 50, tana gaya maka kaurin man a digiri 100. Mai lamba 30 dole ya faɗa tsakanin 9.3 da 12.5, mai 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai 50 kuma daga 16.3 zuwa 21.9. Lambar gaba mai harafin W maganar sanyi ce, W ɗin harafin farko ne na kalmar hunturu a Turance, ba nauyi ba kamar yadda wasu ke zato. Ana gwada 20W a digiri 15 ƙasa da sifili, 5W kuma a 30 ƙasa da sifili. Mu nan ko a tsakiyar Janairu ba mu san irin wannan sanyin ba, shi ya sa lambar baya ta fi damunmu. Akwai kuma gwaji na uku da ba a cika rubuta shi a galan ba: a kai man digiri 150, a matse shi tsakanin ƙarafa masu gudu, a ga abin da ya rage na kaurinsa. Wannan ya fi kowanne kama da abin da ke faruwa a cikin inji.

Tun 1929 wasu masana biyu a Amurka, Dean da Davis, suka fito da hanyar ba wa mai maki gwargwadon yadda yake riƙe kaurinsa in zafi ya tashi. Suka ba man da ake samu daga ɗanyen man Fensilbeniya maki 100 saboda ya fi jurewa, na gaɓar tekun Tekzas suka ba shi sifili. Har yau da wannan ma'aunin ake aiki, sai dai man zamani ya haura 100 ɗin tuni.

To ta yaya mai ɗaya zai zama 20 da sanyi ya zama 50 da zafi? A nan dabara ta shigo. Ana ɗaukar mai mara kauri sosai a narkar da wasu sinadarai masu dogon jiki kamar zare a cikinsa. Da sanyi zaren yana dunƙule, bai cika tare wa man hanya ba. Da zafi sai ya ware ya cika wuri, ya rage wa man gudu. Ba wai man yana ƙara kauri da zafi ba ne, a'a, saurin tsinkewarsa ne ake ragewa. Wanda ya taɓa kallon yadda garin kuɓewa kaɗan ke kama tukunyar ruwa ya ga irin wannan aikin, domin yauƙi ma dogayen zarurruka ne da ido ba ya gani.

Sai dai zare yana tsinkewa. Duk lokacin da man ya bi ta tsakanin haƙoran giya, ana datse wasu daga cikin zarurrukan, kuma wanda aka datse ba ya komawa. Kamar kunu ne, in ya tsinke ya tsinke, ko ka bar shi ya huce ba zai koma yadda yake ba. Man da ka zuba yana 50 zai iya komawa 40 ko ƙasa da haka alhali galan ɗin da ka jefar har yanzu 50 ke rubuce a jikinsa. Abin da ya raba mai tsada da mai araha, ko da lambarsu ɗaya, sau da yawa ingancin wannan zaren ne da yawan da aka buƙaci zubawa.

Boxer ɗinka injin tsere ne, ko ba ka sani ba

In aka ce inji mai ƙarfin aiki, hankalinmu yakan tafi ga motocin tseren Formula 1 da aka ƙayyade wa juyi 15,000 a minti, ko motoci masu turbo da sandarsa ke juyi sama da 100,000 a minti cikin zafin hayaƙi. Don irinsu aka fi tallata man sintetik. Amma a duba wahalar da mai ke sha a ƙaramin mashin. Boxer mai cc 100 tana ba da cikakken ƙarfinta ne a wajen juyi 7,500 a minti, sau 125 ke nan a daƙiƙa ɗaya. Corolla da ke tafiya a titin Gusau zuwa Sakkwato ko rabin haka ba ta yi. Motar tana da lagireto da ruwa, tana ɗaukar mai kusan lita huɗu. Mashin iska kawai ke sanyaya shi, iskar ma ta Afrilu, kuma kimanin lita ɗaya ce tal a cikinsa. Sannan wannan lita ɗayar ita ce ta inji, ita ce ta giya, a cikinta kulochi yake wanka. A mota kowanne da nasa. Ƙara da buhu biyu na shinkafa da fasinja a bisa, a hanyar da rabinta yashi ce. Wallahi mai motar tsere da ake juye masa mai bayan kowace gasa bai fi ka buƙatar mai nagari ba.

Injin ban ruwa shi ma ba a baya yake ba. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a 1978 noman rani ya zama rayuwar wannan yanki, kuma duk gonar da ruwan kanal bai kai ba, ƙaramin injin fetur ne ke ja mata daga kogi ko rijiyar burtsatse. Yawancinsu kwaikwayon Honda GX160 ne: juyi 3,600 a minti ba sassauci, mai bai wuce lita 0.6 ba, babu famfon mai, babu filta, wani ɗan cokali ne a jikin sandar fistin ke fantsama man. Littafin Honda ya ce a juye bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100. Mai ban ruwa awa takwas a rana ya cika awa 100 kafin mako biyu. Nawa ne a cikinmu ke ƙirga awa? Yawanci sai an ga ya ragu a yi ciko, ciko kuwa ba juye ba ne.

Abin da yatsa ba ya ji

Baƙin mai haɗi ne. Wajen kashi huɗu cikin biyar zallan mai ne, sauran kuwa sinadaran ƙari ne, kuma su ne masu tsadar. Mafi shahara a cikinsu shi ne ZDDP, wani haɗi na zinc da fosforas da ake amfani da shi tun shekarun 1940. Shi ba ya aiki sai inda abu ya ɓaci: wurin da matsi da zafi suka yage shimfiɗar mai, kamar kan kam, a nan yake narkewa ya yi wa ƙarfe wata siririyar riga, a ci rigar maimakon ƙarfen. Duk sanda ya yi haka ya ragu. Wato ƙarewa yake yi, ba ya dawwama.

Akwai masu kashe tsami. Ƙonewar fetur, musamman mai sulfa da yawa, tana haifar da asid da ke gangarawa cikin mai ya riƙa cin ƙarfe. Sai aka zuba sinadaran kalsiyam ko magnesiyam da ke yi masa abin da kanwa ke yi wa tsamiya. Su ma in suka ƙare shi ke nan. Akwai masu riƙe dauɗa, waɗanda ke kama ƙwayoyin baƙin hayaƙi su hana su dunƙulewa su zama laka a ƙasan inji. Wannan ne ya sa mai nagari yake yin baƙi da wuri, dauɗar ce ya ɗauko yake yawo da ita har ranar da za a juye a fitar da ita. Na sha jin ana yabon wani mai wai wata guda bai canza launi ba. Ni dai wannan yabon tsoro yake ba ni, domin in dauɗar ba ta cikin man, to tana manne a jikin injin. Sai masu hana mai ruɓewa da zafi. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce duk ƙarin digiri 10 yana ninka saurin lalacewar mai, ka ga man da ke aiki a 120 ya ninka na 100 sau huɗu wajen tsufa. Sauran ƙanana ne, mai hana kumfa da mai hana tsatsa. Kamfanoni huɗu ne ke riƙe da mafi yawan wannan kasuwa a duniya, Lubrizol da Infineum da Chevron Oronite da Afton, daga wurinsu masu haɗa mai ke saye.

Ɗaya daga cikin sinadaran nan yana iya zame wa mai mashin masifa. Man motocin zamani ana sa masa mai ƙara santsi, galibi na molibdinam, don a rage shan fetur. A mota alheri ne. A mashin kuwa kulochi yana cikin man, kuma aikinsa shi ne ya kama. Zuba masa mai santsi, sai ka ji kana murza totur injin na kuka amma mashin ba ya ja, bakanike ya ce faifan kulochi ya ƙare. Saboda wannan ne Japanawa suka fito da ma'aunin JASO a 1998. In ka ga JASO MA ko MA2 a galan, an gwada shi da kulochi mai wanka a mai. MB kuwa na irin mashinan da ba su da wannan kulochin ne. Sauran man motar oga da aka ba ka kyauta, ko da ya fi naka tsada sau uku, ba lallai ya dace da mashin ɗinka ba.

Haruffan API su ma labarin sinadaran suke bayarwa. S na injin fetur ne, C na dizal. Harafi na biyu yana tafiya da zamani: SL ta 2001 ce, SN ta 2010, SP ta 2020. SA kuwa ma'anarta mai ne da ba a sa masa komai ba, na injinan da aka ƙera kafin 1930. Har yau akwai galan masu kyan fenti a kasuwanninmu da in ka duba ƙasa za ka ga SA ko SB, ko ka ga babu komai.

Daga nan za a gane yadda ake cutar mai saye. Matatar Kaduna ce aka gina da sashen fitar da zallan man inji, wanda ya fara aiki a 1983, amma shekaru ke nan ba a dogara da ita, shigo da shi ake yi da dala. Kamfanonin cikin gida irin su Ammasco a Kano da Lubcon a Ilorin suna saye su haɗa da sinadarai su zuba a galan. Amma wani zallan man yana zarcewa kasuwa a duro ba tare da an sa masa komai ba, a auna maka shi a kwalba. Hukumar SON ta sha yin gargaɗi a kan haka, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 darajar naira ta faɗi, man awo ya ƙara samun kasuwa saboda kowa na neman sauƙi. Ga inda abin yake da ciwo: nau'in zallan man da ake kira SN 500 kaurinsa a digiri 40 ya kusa 100, yana da haske kamar zuma, yana jan zare. Zai ci gwajin yatsa da maki mai kyau, alhali babu ZDDP a cikinsa, babu mai kashe tsami, babu mai riƙe dauɗa. Ba a ranar zai buga maka inji ba, shi ya sa ba a zarginsa. Bayan 'yan watanni ne za ka fara ganin hayaƙi, a ce ringi, a ce sai an yi bori, ka ce ai mashin ɗin ne ya tsufa. Ba ina cewa duk mai sayar da man awo macuci ne ba, da yawansu su ma ba su san abin da ke cikin duron ba. Amma kai ma ba ka sani ba, kuma injinka ne.

Haka ɗan gwangwanin nan mai kauri kamar zuma da ake ƙara wa inji mai hayaƙi. Mafi yawansa zaren ƙara kauri ne. Zai rage hayaƙi na ɗan lokaci, amma ba ya mayar da ƙarfen da ya cinye. Mai sayen mashin na hannu ya zaro sandar awo ya duba, in man ya yi danƙo fiye da ƙima, ya san an yi wa injin kwalliya.

To sintetik fa?

An raba zallan mai gida biyar. Na ɗaya da na biyu daga ɗanyen mai ake tace su, ƙwayoyinsu ba girma ɗaya ba, wasu ƙanana masu saurin tashi da zafi, wasu manya. Na uku shi ma daga ɗanyen mai ne amma an farfasa shi da haidirojin an sake masa siffa, makinsa na riƙe kauri ya kai 120 ko fiye. Na huɗu, PAO, gina shi ake yi daga ƙananan ƙwayoyi su fito kusan tsawo ɗaya, irinsa Mobil 1 ta shigo da shi kasuwa a 1974. Na biyar ya haɗa sauran, har da esta da ake sawa a man tsere da na jirgin sama. A 1999 Mobil ta ƙalubalanci Castrol a Amurka kan kiran gida na uku sintetik, ba ta yi nasara ba, shi ya sa yau mafi yawan abin da aka rubuta wa sintetik gida na uku ne. Ba laifi ba ne, mai ne mai kyau.

Amfaninsa na gaskiya shi ne tun asali yana riƙe kaurinsa, don haka zaren da ake ƙara masa kaɗan ne, abin da zai tsinke ma kaɗan ne. Yana jure zafi, ba ya saurin ƙonewa ya ragu. Ga mota mai turbo ko wadda littafinta ya ce 0W-20, babu zaɓi. Ga Boxer da injin ban ruwa kuwa, ra'ayina shi ne ba dole ba ne. Sintetik ba ya narkar da ƙura. Ƙurar hunturu da ta wuce filtar iska yashi ce mai tsananin tauri, in ta shiga mai ta mayar da shi abin wasa ƙarfe, komai tsadarsa. Haka fetur ɗin da ke tsiyaya cikin mai in kafireto na ambaliya ko an manta cok a ja, shi ma ba ruwansa da sunan galan. Wanda ya sayi sintetik ya ce zai ninka kwanakin juye don ya fanshe kuɗinsa, a wannan ƙurar tamu, gara wanda ya sayi 20W-50 na gaske mai JASO MA a rufaffen galan yana juyewa a kan lokaci yana wanke filta.

Masu motocin Kwatano kuma tasu matsalar akasin wannan ce. Murfin man Corolla ta 2003 zuwa 2008 an rubuta 5W-30, amma bakanike zai ce wannan na ƙasar sanyi ne, a zuba 20W-50 ko SAE 40. Injin mai ruwa yana da tamostat da ke riƙe shi a wajen digiri 85 zuwa 90, ko a Kanada yake ko a Maradun, in dai ba a cire tamostat ɗin an jefar ba kamar yadda aka saba. Kuma tsarin VVT-i da matsin mai yake aiki ta wasu 'yan ƙananan ƙofofi, mai kauri yana jinkirta shi. Gaskiya ne wasu littattafan da aka buga don ƙasashe masu zafi sun yarda a hau mataki, tsohon inji da ya buɗe ma yakan so hakan. Amma daga littafin za a ɗauko wannan izinin. Ƙaramin janareton nan da ake haɗa wa mai da fetur shi kuma 2T yake so, wanda aka yi don ya ƙone tare da fetur, galibi kashi 1 cikin 50, wato mililita 20 a lita. Baƙin man mashin da ake tsiyaya masa toka yake bari a kan fulogi da bakin salansa.

Ga 'yan kanikanci da 'yan kimiyyar lab da har yanzu ke neman taken furojet, ga aiki a ƙofar gida. A sayo man awo daga rumfuna daban-daban a Mafara da Bakura da Maradun, a haɗa da galan biyu ko uku rufaffu. Ko babu na'urar auna kauri, dogon bututun gilashi da ƙaramin boris da agogon waya sun isa a fara: a saki boris ɗin a cikin man a ɗauki lokacin da zai kai ƙasa, sau ɗaya bututun yana tsaye cikin ruwa mai digiri 40, sau ɗaya cikin tafasasshe. Rabon da ke tsakanin lokutan biyu shi zai nuna wanda ya fi riƙe kaurinsa. Sai a zuba kowanne a mashin, a sake aunawa bayan kilomita 500 da 1,000 a ga wanda ya tsinke. Boris ba zai nuna ko akwai ZDDP ba, wannan sai an kai samfur babban ɗakin gwaji, amma ƙona ɗan man a murhun lab a auna tokar zai ba da haske, domin sinadaran zinc da kalsiyam suna barin toka wajen kashi 1 cikin 100, zallan mai kuwa kusan ba ya barin komai.